Ƙugiyar fistol ta karye: a kai wa mai walda ko a mayar ɗakin makamai?

Wani matashin jami'in tsaro da ke aiki a nan cikin birnin Kano ne ya aiko da wannan tambaya: "Baba, ƙaramar bindigar da aka ba ni ta aiki ta fara riƙe kwanso. In na harba ɗaya, kwanson ba ya fita, harsashi na biyu ya zo ya cushe a bayansa. Da na duba sai na ga bakin ɗan ƙarfen nan mai kama da ƙugiya da ke gefen silaid, wato ƙarfen saman bindigar da ke zamewa gaba da baya, ya ɓalle. Ina tsoron in mayar da ita a ba ni takardar tuhuma ko a yanke mini albashi. Wani abokina ya ce akwai mai walda a wajen Ƙofar Ruwa, hannunsa na da kyau, zai ɗiga mata wuta ya goge ba wanda zai gane. Ya kake gani?"

Ɗana, kada ka kai ta. Ni aikin ɗakin makamai na yi har na yi ritaya, kuma abin da zan gaya maka shi ne abin da zan gaya wa wanda na haifa: ƙugiyar da ta karye canza ta ake yi da sabuwa, ba a liƙa ta, kuma mai canzawar shi ne ma'aikacin makamai na rundunarku, a rubuce, a cikin rajista.

Kafin komai, ka tabbatar bindigar nan babu harsashi a cikinta, kuma a nan akwai tarko. Kowane jami'i ya saba ya cire magazin, wato gidan da ake jera harsasai, ya ja silaid baya, ya ga harsashin da ke ciki ya faɗo, ya ce shi ke nan. To, wannan ƙugiyar da ta karye ita ce mai janyo harsashin. Yanzu da babu ita, za ka iya jan silaid sau biyar, babu abin da zai faɗo, alhali ɗanyen harsashi yana kwance a gindin bututu. Ka juya bakinta inda ko ta tashi ba za ta samu kowa ba, yatsanka nesa da kunama, ka cire magazin, ka maƙale silaid a baya, ka leƙa da idonka cikin haske. In ka ga harsashi ya maƙale, kada ka zura sukundireba ko ƙusa ka ce za ka ɓanɓaro shi. Ka bar silaid a buɗe, ka kira ma'aikacin makamai.

Bari in gaya maka irin aikin da ɗan ƙarfen nan yake yi, don ka ga me ya sa walda ba za ta riƙe shi ba. Idan ka ja kunama, allura ta daki gindin harsashi, albarushi ya kama, ƙwaya ta fita. Ƙarfin da ya tura ƙwayar gaba shi ne yake turo kwanso baya. A yawancin fistol masu cin harsashi 9×19, wato mai kaurin ƙwaya milimita 9 da tsawon kwanso milimita 19, bututu da silaid suna tafiya baya a kulle da juna na 'yan milimita kaɗan, har ƙwaya ta fice matsi ya sauka, sannan bututu ya saki, silaid ya ci gaba shi kaɗai. A nan ƙugiya take riƙe da leɓen gindin kwanso tana janye shi daga ɗakinsa, har ya bugi wani ɗan ƙarfe da ke tsaye a hanya, ya yi tsalle waje. Sai babban sifirin ya dawo da silaid gaba, ya kwaso sabon harsashi daga magazin ya tura shi ciki. Duk wannan ba ya kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Matsin da ke cikin ɗakin harsashi lokacin tashi yana iya kaiwa 35,000 a irin awon da mai faci yake duba iskar taya da shi, inda tayar ƙaramar mota take ɗaukar 32 ko makamancin haka. Wannan matsin yana buɗa kwanson tagulla ya manne da bango, kuma bakin ƙugiyar da bai fi ƙwayar shinkafa ba shi ne zai fizgo shi, yau da gobe, sau dubbai.

Ƙarfen da zai jure wannan ba ƙarfen da aka yanko aka goge kawai ba ne. Duk maƙerin kirki a Lokon Maƙera ya san wannan ilimi tun kafin a kawo fistol ƙasar nan: a gasa ƙarfe ya yi ja, a tsoma shi a ruwa ko a mai ya yi tauri, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya zama mai saurin tsagewa. Bambancin shi ne a masana'anta ba da ido ake yi ba. Ana kai ƙarfen wajen digiri 800 zuwa 850, a tsoma, a mayar da shi tanda a wani zafi da aka ƙayyade na wani lokaci da aka ƙayyade, sannan a auna taurinsa da na'ura. Ƙugiya tana buƙatar abu biyu da ba sa son zama tare: baki mai tauri da ba zai cinye ba, da jiki mai ɗan lanƙwasa da ba zai karye ba. Wutar walda kuwa narkar da ƙarfe take yi, wato ta kai digiri 1,500 ko ta wuce. A kan ɗan abu ƙarami irin wannan, zafin zai ratsa shi gaba ɗaya. Inda ya huce da sauri zai yi taurin da bugu ɗaya zai tsaga shi, inda ya huce a hankali zai yi laushi ya lanƙwashe. Ƙarfen da ke jikin sandar waldar ma ba irin na ƙugiyar ba ne. Mai waldar zai goge da magagari ya shafa baƙin mai, ka ga abu kamar sabo. Zai iya fitar da kwanso uku ko goma. Ba wanda zai iya ce maka a na nawa zai saki, kuma kai ba don filin atisaye kaɗai aka ba ka bindigar nan ba. In kuma ya ga cire ƙugiyar zai ba shi wahala ya yi waldar tana jikin silaid, to ya taɓa silaid ɗin da wuta, an yi gyaran gangar auzinawa: daga ɗan ƙarfe mai araha an koma asarar rabin bindiga.

Wani zai ce to a bar walda, a kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe ya fitar da sabuwa. Muna da gwanaye a garin nan, ban raina su ba, na ga sun fitar da kayan injin niƙa da na babbar mota da ido ba zai bambanta su da na kamfani ba. Amma siffa kaɗai za su kwaikwaya. Ba su san wane irin ƙarfe aka yi ta asali da shi ba, ba su da adadin taurin da ake so, kuma abin da za su auna karyayye ne wanda ya riga ya cinye. Tazarar da ke tsakanin bakin ƙugiya da fuskar silaid, inda leɓen kwanso yake shiga, kuskuren ɗan ɓangaren milimita ya isa ya ɓata ta. In ta matse, harsashi ba zai hau daidai ba, silaid ya tsaya bai gama rufewa ba. In ta saki, kwanso ya zame ya zauna, ka koma inda ka fito.

Yanzu abin da ya fi damuna a tambayarka, wato ba ka tambayi me ya karya ta ba. Ƙugiya ba ta cika karyewa haka kawai ba, kuma in aka sa sabuwa ba a gano sanadin ba, ita ma za ta bi 'yar'uwarta.

Babban sanadin da na fi gani a wajen matasa shi ne wata ɗabi'a ta burga. Mutum ya maƙale silaid a baya, ya jefa harsashi ɗaya da hannu cikin bututu, ya saki silaid ya rufe da ƙarfi, sannan ya sa cikakken magazin, wai don ya samu ƙarin harsashi ɗaya. An tsara bindigar ne yadda harsashi zai taso daga magazin, leɓensa ya zamo daga ƙasa ya shige bayan ƙugiya salin-alin. Idan ka jefa shi da hannu, sai dai ƙugiya ta yi karo da gindinsa ta haure leɓen da ƙarfin tsiya. Wasu bindigogin suna jure wannan na ɗan lokaci, wasu kuwa, musamman tsofaffi masu ƙugiyar ciki, wato wadda ke ɓoye cikin silaid, kaɗan za su ɗauka. Ka tambayi kanka ko kana yi, ko wanda ya riƙe ta kafin kai yana yi, don bindigar aiki hannu da yawa take bi.

Na biyu shi ne ƙazantar ɗakin harsashi, kuma a nan yanayin garinmu yana da hannu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu babu inda ba ta shiga. Jami'i ya wuni a bakin titi a Kurna ko a hanyar Zariya, ya dawo ya malala wa bindiga mai don yana ganin gata ya yi mata, wani ma baƙin man mota ko giris. Ƙura ta haɗu da man nan da tokar albarushi, su zama wani kwaɓi da ke cika bayan ƙugiya har ta kasa motsi, ya kuma sa kwanso ya riƙa mannewa. Da damina kuma gumi da laima, bindiga tana kwana a cikin jakar fata a ƙugu, tsatsa ta yi ƙananan ramuka a bangon ɗakin harsashi. Kwanso in ya buɗe sai ya cusa kansa cikin ramukan, ƙugiya ta riƙa ja da ƙarfin da ya ninka wanda aka yi ta dominsa. In ka tsinci kwansunan da bindigar ta fitar kafin ta karye ka ga jikinsu da zane-zane ko leɓensu ya tauye, to ga amsarka nan. Tsofaffin harsasan soja irin na Tokarev, fistol ɗin tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suna da wata matsala ta daban: sinadarin da ke gindinsu yana barin gishiri a bututu, gishirin ya jawo laima, kuma mai ba ya wanke shi.

Na uku harsashi. Ba duk abin da aka ce masa "tara" ne ɗaya ba. Akwai 9×19, wanda Georg Luger ya fitar a farkon ƙarni na 20, shi ne wanda aka fi sani. Akwai 9×18 na Makarov, gajere ne kuma ƙwayarsa ta ɗan fi kauri. Akwai 9×17. Tokarev kuwa 7.62×25 take ci. Akwai kuma 9×19 da aka cika da ƙarfi don manyan bindigogi masu feshi, wanda yake jijjiga fistol fiye da kima. Harsashin da ba daga ɗakin makamai ya fito ba, kada ya shiga bindigarka ko da kyauta ne.

Na huɗu babban sifirin da ke mayar da silaid. Shi ma gajiya yake yi. Masu ƙera bindiga da yawa suna ba da shawarar a canza shi bayan harbi 3,000 zuwa 5,000. In ya saki, silaid yana komawa baya da gudun da ya wuce ƙa'ida, ƙugiya ta sha fizga, gangar jikin bindigar ta sha duka. Sau da yawa ƙugiya ita ce take fara kuka a madadin sifirin.

Sai kuma tsufa kawai, kuma a nan ne maganar tsoronka ta shigo. Ƙarfen da ya gaji ba ya karyewa rana ɗaya. Wata 'yar tsaga ce take farawa, ta riƙa ci a hankali da kowane harbi, har abin da ya rage ya kasa ɗauka ya ɓalle. In ka sa fuskar karayar a ƙarƙashin gilashin ƙara girma za ka ga kashi biyu: wani ɓangare mai santsi wanda ya yi duhu, wani lokaci da layuka a jere, wannan tsohuwar tsaga ce da mai da datti suka daɗe suna shiga, sai wani ɓangare mai haske mai ƙurji-ƙurji, wannan shi ne abin da ya karye ranar ƙarshe. Ma'aikacin makamai da ya san aikinsa yana ganin haka zai rubuta cewa tsufa ne, tsagar ta girme ranar da ka sa hannu ka karɓa. Karayar ganganci kuwa, wadda aka ɓanɓara da sukundireba ko aka yar da bindiga a kan kwalta, fuskarta duk sabuwa ce kuma akwai tabo a kusa. Ka ga ke nan wannan karyayyen bakin shi ne babban mashaidinka. Ranar da wutar walda ta hau kansa ka kashe mashaidin da hannunka. Kuma kada abokinka ya ruɗe ka da cewa ba wanda zai gane. Wuta tana barin launi a jikin ƙarfe, shuɗi-shuɗi da ruwan ƙasa, magagari yana barin zanen da injin kamfani ba ya bari, kuma mutumin da kullum aikinsa duba irin bindigar nan ba ya buƙatar minti biyu. Karyewar kayan aiki a bakin aiki abu ne da kowace runduna ta san da shi. Fitar da makamin gwamnati zuwa kasuwa a miƙa wa wanda ba shi da izini kuwa laifi ne na kora, har da kotu.

Abin da zai faru in ka mayar ba wani abin tsoro ba ne. Za a rubuta lambar bindigar da sunanka da ranar da ka kawo. Ma'aikacin zai kwance ta, ya wanke, ya duba ɗakin harsashi da haske, ya duba fuskar silaid ko akwai tsaga, ya duba ɗan ƙaramin sifirin da ke bayan ƙugiyar, wanda galibi tare ake canza su, ya gwada tsawon babban sifirin da na sabo. Sannan ya nemo ƙugiyar da ta dace da wannan bindigar, ba mai kama da ita ba. Ba ka faɗi irin taka ba, amma kusan kowace iri tana da wannan matsala. Browning Hi-Power, wadda kamfanin FN na ƙasar Beljiyam ya fitar a 1935, ta fara ne da ƙugiyar ciki, sai a wajen 1962 aka koma ta waje, kuma ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Glock 17, wadda sojan Ostiriya suka karɓa a farkon shekarun 1980, an sauya siffar ƙugiyarta fiye da sau ɗaya, sai an duba zubin bindigar kafin a ɗauko. Tokarev ta 1933 ƙasashe da dama sun kwaikwaye ta, Sin da Folan da Romaniya da Yugoslabiya, ta Yugoslabiya ma mariƙinta ya fi tsawo, tana ɗaukar harsashi 9 maimakon 8, kuma ba a ɗauka cewa kayan wannan zai zauna a waccan sai an gwada da awo. In babu sabuwa a sito, akan ciro daga bindigar da hukuma ta riga ta soke, amma shi ma da izini kuma a rubuce. Bayan an haɗa, za a gwada da harsashin gwaji marar albarushi, a duba sefti, wato makullin da ke hana ta tashi, sannan a je filin harbi a harba na gaske kafin a sa hannu cewa ta koma aiki. Wannan gwajin na ƙarshe shi ne abin da babu mai walda a duniya da zai iya yi maka a bayan shagonsa.

Akwai dalilin rubutun da ya wuce son takarda irin na ma'aikata. Ƙugiya da allura da fuskar silaid kowanne yana barin tabonsa a jikin kwanso, kuma da waɗannan tabban ne masu binciken kimiyya suke danganta kwanson da aka tsinta da bindigar da ta harba shi. In wata rana aka yi harbi a wurin da kake aiki, aka karɓi bindigogin kowa don bincike, aka tarar taka an taɓa ta ba tare da rajista ta sani ba, me za ka ce wa mai bincike? Ko ba ka harba ko ɗaya ba, ka zama wanda ake zargi da ɓoye wani abu.

Ka gode wa Allah ma da ƙugiya ce. Ita in ta lalace bindiga ƙin aiki take yi. Akwai sassan da in aka yi musu gyaran kasuwa, bindiga tashi take yi ba a ce ta tashi ba. Allurar da aka ƙara wa tsawo da walda, ko ta maƙale a gaba, tana iya dukan harsashi da zarar silaid ya rufe, ba tare da an taɓa kunama ba. Ɗan ƙarfen da ke riƙe hamar bindiga har sai an ja kunama, gefensa da ke yin riƙon siriri ne ƙwarai kuma taurinsa a wasu bindigogin a fatar sama kawai yake; a goga masa magagari sau biyu, bindiga ta koma tashi in ta faɗi ƙasa, ko ta zazzage magazin gaba ɗaya da ja ɗaya. Bututun da ya kumbura, wanda yakan faru in ƙwaya ta tsaya a ciki saboda raunin albarushi aka harba wata a bayanta, ba shi da gyara sai canji. Haka silaid da ya tsage. Ko manyan ƙasashe sun ɗanɗana wannan: bayan sojan Amurka sun karɓi Beretta 92 a 1985, an samu silaid da suka rabe biyu lokacin harbi, rabin baya ya daki masu harbin a fuska. Ba walda aka yi ba. Kamfanin ya sake tsarin, ya ƙara wani ƙarfe da zai tare silaid in ya karye, shi ne aka samu samfurin 92FS. Gangar jikin bindiga kuwa, mai ɗauke da lamba, in ta tsage to bindigar ta gama aiki, sai hukuma ta soke ta.

Sai doka, don abokin naka ya ji, shi ma mai waldar a gaya masa. Dokar Makamai ta 1959, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta, sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma fistol da libarba suna cikin wannan gida tare da bindigogin yaƙi. Akwai na amfanin kai, irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai bindigogin toka da ake ɗurawa ta baki, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha yake ba da izininsu. A kan gyara kuma dokar ba ta bar ƙofa ba: ba a ƙera bindiga, ba a haɗa ta, ba a gyara ta sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar soja, irin DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Izinin gyara da ake iya ba wa ɗan kasuwa ya tsaya ne a kan bindigogin farauta da na toka. Saboda haka maƙerin da yake gyara wa mafarauta bindigar toka da takardarsa a hannu yana kan hanya, amma ranar da ya karɓi fistol ya fita daga inuwar takardar. Hukuncin da dokar ta tanada a kan wannan ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Bawan Allah yana neman abincin 'ya'yansa da gyaran ƙofa da tagar ƙarfe, kai ka ɗauko masa wannan don gudun takardar tuhuma guda ɗaya. Ba adalci a ciki.

Tunda na san ba jami'ai kaɗai ke karanta wannan ba, bari in taɓo wani abu da ake yawan tambayata a unguwa bayan an yi rasuwa. A buɗe akwatin tsoho, tsohon soja ko tsohon ma'aikaci, a tarar da fistol a naɗe cikin tsumma, ta yi tsatsa, wani abu ya karye, 'ya'ya su fara shawarar a gyara a ajiye saboda halin da ake ciki. Lasisin bindiga ba ya shiga rabon gado. Ko mamacin yana da lasisi, kwana 14 doka ta ba wanda kayan ke hannunsa bayan rasuwar. In babu lasisi kuwa, dokar fashi da makami ta 1984 tana hukunta mallaka kawai, ko bindigar ba ta taɓa tashi a hannunka ba. Kada a taɓa kunamarta, kada a ce za a gwada ko tana aiki, kada kuma a sa ta a aljihu a hau adaidaita sahu a nufi hedikwatar 'yan sanda ta Bompai da ita, don in aka tsayar da kai a hanya ba wanda zai saurari labarinka. A kulle ɗakin, a sanar da mai unguwa, a je ofishin 'yan sanda mafi kusa tare da lauya ko wani dattijo a ba da rahoto, su zo su ɗauka, a karɓi takardar shaidar miƙawa. Tun 2021 akwai cibiya ta ƙasa a ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro wadda aikinta shi ne tattara irin waɗannan ƙananan makamai.

Kai kuma, ɗana, gobe da safe kafin fareti ka samu na gaba da kai ka gaya masa da bakinka, sannan ka rubuta ɗan gajeren rahoto. Ka sa lambar bindigar, ranar da ka karɓe ta, ranar da ta fara riƙe kwanso, inda abin ya faru, irin harsashin da kake amfani da shi da inda aka ba ka shi. In ka tsinci guntun da ya ɓalle, ka naɗe shi a takarda ka haɗa, kada ka goge fuskar karayar ko ka shafa mata mai. In akwai kwansunan da ta fitar a ranar, su ma ka kai, tare da magazin ɗin da ke jikinta, don wani lokaci leɓen magazin da ya buɗe shi ne yake sa harsashi ya hau a karkace. Ka roƙi ma'aikacin makamai ya duba fuskar karayar a gabanka ya rubuta abin da ya gani, ka riƙe kwafin rahotonka da sa hannun wanda ya karɓa. In aka ce babu kayan canji a sito sai an jira, ka nemi a ba ka wata bindigar, kuma a rubuta cewa waccan ta fita daga hannunka. Kada ka yarda a ce ka riƙe ta haka nan ka fita aiki kafin kaya su zo, don a halin da take yanzu harsashi ɗaya kawai za ta harba maka.